Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Tuwon Dare a Zangon Agege

A makon jiya na tsaya a inda rediyo ya ce sojojin Biyafara sun shiga Binin. Ranar 9 ga Agusta 1967 ke nan. Ba a cika mako biyu ba sai ga labari sun iso Ore, kuma daga Ore zuwa Legas ai tafiyar yini ba ta kai ba a mota.

Zango ya rikice. Wasu suka ɗaure kaya suka nufi tashar jirgin ƙasa, goro ya faɗi warwas, ba mai taya huhu. Kawu kuwa ya ce shi ko Gowon ya bar Barikin Dodan, ba inda za shi.

Ni a lokacin ɗan shekara goma sha shida ne, kuma duk unguwa an san ni da tsoro, Farar Kura ma yara ke kirana. Idan aka kashe fitilu da dare, ko fitsari ba na iya fita ni kaɗai.

Ran nan bayan isha'i Kawu ya kira ni zaure, ya rage murya.

"Ka san telan nan Ibo da ke ɗinka mana kayan sallah?"

"Na san shi, Kawu."

"Yana cikin sito, bayan huhunan goro. 'Yan iska sun fasa shagonsa. Kai za ka riƙa kai masa tuwo, don yaro ba a cika tuhumarsa ba. Ko Inna kada ta ji."

Cikina ya ɗuri ruwa. Tsakanin gidanmu da siton akwai shingen sojoji daf da layin dogo, ga shi a kwanakin nan Ibo ko wucewa ya zo yi sai an sauke shi an yi ta masa tambayoyi.

Daren farko kwanon sai kaɗawa yake a hannuna, miyar kuka ta zubo mini har gwiwar hannu.

"Kai yaro! Ina zuwa?"

"Sito, ranka ya daɗe. Abincin maigadi."

Sojan da ke shingen ya buɗe murfin da bakin bindiga, ya shinshina, ya ce rabonsa da miyar kuka tun Zariya. Washegari na sa aka ƙara malmala, na ce maigadi ne ba ya ƙoshi. Daga nan kwano biyu nake ɗauka, ɗaya na sojan, ɗaya na tela. Tsoron bai tafi ba, gaskiya, sai dai hannuna ya daina rawa, har na koyi kallon soja a ido in gaishe shi.

Haka muka yi ta yi har rundunar Murtala ta karɓe Binin a watan Satumba, hankalin mutane ya ɗan kwanta. Sai wani dare na tarar an sauya masu shingen. Sabon sajan ya karɓi kwanon ya ce:

"Muje in ga maigadin nan naka."

Mu haɗu mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.