Kada a nuna fuskar wanda aka rubuta wa wasiƙar

A 1795 marubuciyar Ingila Mary Wollstonecraft ta zaga Suwidin da Norwe da Denmak da jaririyarta, tana bin sawun wani jirgin ruwa na masoyinta Gilbert Imlay, alhali zuciyarsa ta riga ta koma wani wuri. A 1796 ta fitar da wasiƙu 25 na wannan tafiya, waɗanda ta rubuta kamar da shi take magana. Irin waɗannan wasiƙu suna da daɗin mayarwa gajeren fim, sai dai wuraren tuntuɓe suna da yawa.

Aikin farko rage tsawon wasiƙar ne. Mai karatu a natse yakan furta kalmomi 110 zuwa 130 a minti ɗaya. Idan fim ɗin na minti 8 ne, kada murya ta wuce minti 5, kalmomi 600 ke nan. Ragowar na shiru ne da ƙarar igiyar ruwa. Wanda ya cusa wasiƙar dukanta, karatun rediyo ya yi.

A naɗi murya kafin a taɓa kyamara, don numfashin mai karatu shi zai nuna tsawon kowane hoto. Makirufo ya tsaya taƙi ɗaya daga baki, a ɗan karkace, a ɗaki mai labule da katifa. A kashe fanka da firji. Sannan a naɗi minti ɗaya na shirun ɗakin, domin da shi ake cike gurbin da aka yanke. In babu shi, kunne zai ji kowane ɗinki.

Babban kuskure shi ne murya ta ce teku, a nuna teku. An faɗi abu sau biyu. Gara tana yabon duwatsun Norwe, ido kuwa yana kan hannunta tana jujjuya takardun da aka kawo, babu ta Imlay a ciki. Shi kuma mutumin, ko ƙeyarsa kada a gani. Da zarar an ba shi fuska, mai kallo zai koma auna ko ya cancanci wannan kuka, ya bar sauraron ta.

Sai haƙƙin mallaka. Takardar ta wanda aka aika wa ce, kalmomin kuwa na marubuci ne da magadansa, har shekara 70 bayan rasuwarsa a dokar Ingila da ta Najeriya. Wollstonecraft ta rasu a 1797, don haka nata a sake suke. Amma fassarar da wani ya yi kwanan nan tasa ce, sai da izininsa.