Ƙofar ɗakin taron ƙauye da kuɗin masu gina gidaje

Ni kafinta ne, kuma shekaruna goma sha ɗaya ke nan da buɗe ɗan shagona a Ingila, ni da yara uku. Rabin aikinmu na ƙauyuka ne, ɗakin taro, rumfar filin kurket, bencina, shingen wurin wasan yara. Mutanen gida kan tambaye ni wa ke biyan wannan aiki. Yawanci masu gina rukunin gidaje ne.

A nan idan kamfani zai zuba gidaje a gefen ƙauye, ƙaramar hukuma kan ɗaure shi da yarjejeniya a ƙarƙashin sashe na 106 na dokar tsara gari ta 1990, ya biya kuɗin abin da sababbin mazauna za su ƙara wa nauyi. Tun 2010 kuma aka ƙaro harajin CIL, wato harajin samar da kayan more rayuwar al'umma, wanda ake lissafawa da faɗin ginin. Daga wannan majalisar ƙauye tana samun kashi 15 cikin ɗari, ko 25 idan ƙauyen ya rubuta nasa tsarin gine-gine an amince da shi. In shekara biyar ta wuce ba a kashe ba, ana iya cewa a dawo da shi. Shi ya sa wayata ke yawan ƙara idan wa'adi ya matso.

Bara muka yi ƙofofin wani ɗakin taro da katakon oak, wani icce mai tauri na ƙasar nan. Sati shida na bar shi a jingine kafin zarto ya taɓa shi, ina auna damshinsa. Ƙusar ƙarfe kuwa ba ta kusantarsa, don ruwan jikin oak yana cin ƙarfe ya bar baƙin tabo kamar hawaye, sai dai sukurun da ba ya tsatsa. Mahaɗa duk sassaƙa su muke yi, wannan ya shiga cikin wancan, gam taimako ne kawai.

Wannan haƙuri wurin kawuna na koya, a kasuwar 'Yan Katako ta Na'ibawa a Kano. Yakan ƙwanƙwasa maɗaci da bayan yatsa ya kasa kunne, ya ce, “Yaro, wannan bai gama shan iska ba, mayar.” A lokacin gani nake ɓata mana rana yake yi.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne 'yan karya farashi. Majalisa takan nemi farashi daga wurare uku, sai wani ya zo da ɗanyen katako mai laushi, ya lafta masa fenti, ya kaɗa mu. Ruwan ƙasar nan ba ya ɗaga ƙafa. Sanyi biyu ƙofa ta kumbura ta ƙi rufuwa, ga kuɗin kamfani an cinye, ba za a sake gina wasu gidajen don a gyara ƙofa ba. Wani bencin da aka hana ni shekara huɗu da suka wuce, makon jiya aka kira ni in cire shi. Da hannu na ɓare ƙafarsa.