Abin da haɗa Exocet da kayan motar da ta yi hatsari ke koyarwa

A Ingila da Amurka akwai kamfanonin da ke sayar da ƙarfen gindin mota da 'yan ɓangarorin bodi kawai, ba inji ba giya. Mai saye shi zai nemo tsohuwar mota ya ciro sauran kayan, ya haɗa a garejinsa. Factory Five ta Amurka ta gina samfurinta 818 a kan kayan Subaru Impreza na 2002 zuwa 2007. Exocet kuwa, irin wannan mota ce da kamfanin MEV ya fara a Ingila, kamfanin Exomotive kuma yake yi a Amurka, kayan Mazda MX-5 take ɗauka, ƙirar 1989 zuwa 1997 ko ta 1998 zuwa 2005. Tunda bodin tsohuwar motar jefarwa za a yi, hankali yakan karkata ga wadda ta yi hatsari, domin ta fi araha a wurin gwanjon inshora irin su Copart. Dabarar tana da kyau, amma ribarta da asararta duk suna rataye ne a kan wurin da bugun ya sauka.

Abin da Exocet ke buƙata shi ne duk abin da ke ƙarƙashin bodi: inji, giyabos, furofela, aksul ɗin baya, ƙarafan gaba da na baya da ke riƙe da ƙafafu, da doguwar sandar alminiyon da ta ɗaure giyabos da aksul. Saboda haka motar da aka buga a ƙofa, ko wadda ta kife rufinta ya lotsa, ko wadda tsatsa ta cinye gefenta, ita ce abin nema. Muninta a ido ya karya mata farashi, alhali kayan da ake so lafiyarsu ƙalau.

Bugun gaba shi ya fi cutar da masu saye. Lagireto ne farkon fashewa, kuma idan injin ya ci gaba da aiki bayan ruwa ya tsiyaye, tof silinda na iya lanƙwasa ba tare da an ga alama daga waje ba. Idan bugun ya yi zurfi ya kai ga fulin ƙasa na inji, sai a yi zargin bakin kiransha. Bugun baya kuma yana da nasa tabon: hannun gidan aksul na MX-5 yana da wata 'yar tsaga da aka yi da gangan don ya karye a nan lokacin hatsari, don haka a shiga ƙarƙashi da tocila a duba wannan hannun da kyau. Mafi ɓoyuwa shi ne bugun da ya sauka a kan taya. Rim ɗin da ya tsage a gefe guda yana nufin ƙarfin ya bi ta boris, ya bi hannuwan ƙafa, wataƙila har ya kai ga ƙarfen da ke riƙe da su. A sa tef a auna daga kusurwar gaba ta hagu zuwa ta baya ta dama, sannan a auna ɗaya ɓangaren. In awon biyu bai zo ɗaya ba, ƙarfen ya murɗe, kuma ba wani alaimen da zai sa motar ta tafi miƙe. Wadda ambaliya ta shanye ko wadda ta kama wuta, komai arharta a bar ta, domin wayarin da birenbos su ne suka mutu, su ne kuma masu wahalar maye gurbi.

Darasin da ya fi kowane tsada shi ne gaggawar kwancewa. Kafin a taɓa noti ɗaya, a tayar da injin yana cikin motarsa. A bar shi ya yi zafi har fanka ta kama da kanta, a gwada kowace giya, a saurari kuloci, a ga ko mita da fitilun dashbod suna aiki. A cire fulogi huɗun a auna matsin kowace silinda. Bambancin da ya wuce kashi 10 cikin 100 tsakaninsu alama ce ta matsala. A buɗe murfin baƙin mai, in an ga abu mai kama da madara, ruwa yana shiga. Dalilin wannan duka a fili yake: idan bayan watanni injin ya ƙi tashi a sabon firam, wato ƙarfen gindin da aka saya, wanda ya gwada shi tun farko ya san laifin daga haɗinsa ne, wanda bai gwada ba kuwa zai yi ta lalube tsakanin wayoyi ɗari da injin da bai taɓa jin ƙararsa ba.

Kwancewar ma tana da tsari. Manyan notin tsakiyar taya na baya a sassauta su tun motar tana ƙasa da birki a take, domin in an ɗage ta babu abin da zai riƙe tayar. A cire rilen famfon mai injin yana aiki har ya mutu da kansa, matsin fetur ya sauka, sannan a cire batir a dakata 'yan mintuna kafin a kusanci jakar iska ta sitiyari. Kowace soket a naɗa mata tef a rubuta sunanta a ɓangarorin biyu, a ɗauki hoto kafin a zare. Notuna su shiga leda-leda da rubutu. Bayan an raba sandar sitiyari, bututun birki da na kuloci, igiyoyin birkin hannu, tiyon mai da kawunan shokozoba, sai a kwance notin ƙarafan gaba da baya a ɗaga bodin sama da ƙugiyar inji, a bar gindin tsaye a kan tayoyinsa. Akwai wata doguwar ƙusa a ƙasan ƙafar baya da tsatsa ke manne ta da bushin. A jiƙa ta da man sassauta tsatsa kwanaki kafin ranar, in ta ƙi a yanke ta a sayi sabuwa, kada a yi ta dukanta har hannun ƙafar ya lalace.

Kada a yi saurin kiran 'yan gwangwan su ɗauke bodin. Ƙananan abubuwa irin su maƙalan bututun birki, robobin da wayoyi ke bi, fedoji da mazauninsu, da makunnin fitilar birki, sai an zo haɗi ake tuna su. A motocin da ke da na'urar hana sata, makulli da birenbos da akwatin na'urar a tare suke aiki. In ɗaya ya ɓata injin zai juya amma ba zai kama ba. Ƙofofi, kujeru, fitilu, musamman rufi mai tauri in motar tana da shi, a sayar da su, sukan mayar da kaso mai kyau na kuɗin sayen.

Akwai kayan da ba a mayarwa ko da sun yi kyan gani. Bel ɗin kujera da ya riƙe mutum a hatsari ya gama aikinsa. Tiyon birki na roba, taimin bel, famfon ruwa, sil na gaba da bayan inji da faifan kuloci duk a sabunta su yanzu da injin yake a fili, aikin da zai ci yini guda in an rufe motar.

Wayarin kuwa, kowa yana ɗokin rage shi tunda babu gilashin lantarki ko rediyo a sabuwar motar. A haɗa shi cikakke tukuna, injin ya tashi, sannan a riƙa cire layi ɗaya ana sake tayarwa. Yawancin matsalar wuta a irin wannan aiki daga wayar at, wato wayar da ke mayar da wuta, take fitowa: a tsohuwar mota bodin ne ke mayar da wuta, sabon firam kuwa fenti ya rufe shi, sai an kankare har ƙarfe ya fito a duk inda za a ɗaure ta.

Takardu ma kaya ne. A Ingila tun 2017 motocin da inshora ta yanke cewa ba za ta gyara ba an kasa su A, B, S da N. Ta rukunin A niƙewa ake yi gaba ɗaya, ta B ana cire kaya amma bodinta ba ya komawa titi, don haka S ko N, waɗanda aka yarda a gyara su koma titi, su ne suka dace da wannan aiki. Motar da aka haɗa sai ta ci gwajin IVA, wato binciken da hukuma ke yi wa irin wannan mota, kafin a ba ta lamba, kuma takardar rajistar tsohuwar motar, wadda ake kira V5C, ita ce shaidar shekarun injin, wanda da shi ake yanke ma'aunin hayaƙin da za a gwada ta a kai. Wanda ya kasa nuna asalin manyan kayansa lamba mai farawa da Q za a ba shi. A ɗauki hoton lambar inji da ta bodi tun kafin a raba su, a ajiye tare da rasiɗin gwanjon.