Yadda ledar fiya wata ta sa na fara shara a kan ruwan Legas

Ni ɗan Yauri ne, a kan ruwa na tashi, amma ban san leda na iya tsayar da jirgi ba sai da na zo Legas na fara tuƙa kwale-kwale mai inji. Kana cikin tafiya sai ka ji injin ya yi wani irin kuka, ka ɗaga shi ka tarar ledar fiya wata ta naɗe farfela ko ta toshe inda yake shan ruwa, ga fasinja suna ta mita. Wata rana sau 3 ta tsayar da ni kafin in wuce ƙarƙashin gadar Third Mainland, to daga ranar nan na ce bari in riƙa kwashe abin da zan iya.

Da farko wai ni mai dabara, na sayi tsohuwar raga na ɗaura mata jarkoki na rataya a gefen jirgi ina ja. Kai, wannan kuskure ne babba. Ragar ta cika da kainuwa, jirgin ya dinga karkata gefe guda, fetur ya tafi a banza, har ƙananan kifi ta kwaso min. Kwana 2 na kwance ta.

Abin da ya yi min aiki ashe ba shi da tsada ko kaɗan. Gora doguwa na samu, mai walda ya lanƙwasa min rodi kamar bakin kwando na ɗinka raga a jiki, ga kuma wata gorar mai ƙugiya don janyo manyan buhuna. Wurin zubawa kuwa buhun albasa ne, irin mai ƙofa-ƙofa ɗin nan, wani ɗan uwa a kasuwar Mile 12 yake tara min, ruwa na tsiyayewa ya bar robar kawai. Buhun shinkafa da na fara amfani da shi riƙe ruwa yake, ka ɗaga kamar ka ɗauki siminti. Safar hannu ma sai da fasasshiyar kwalba ta yanke ni a yatsa sannan na saya, kada ka jira irin wannan.

Lokaci shi ne komai gaskiya. A tsakiyar ruwa sharar ta riga ta watse, wahala kawai za ka sha, amma in an yi ruwan sama ka tsaya bakin babbar kwata inda take zubowa, nan za ka cika buhu nan da nan kafin ruwa ya ja da baya ya tafi da ita tekun Atlantika. Tun da gwamnatin Legas ta hana farar robar zuba abinci ta tekawe a Janairun 2024 nakan ga ta ɗan ragu a inda nake bi, ledar ruwa dai tana nan daram.

Gorunan lemo nakan ware wa 'yan bola jari su auna su ba ni ɗan kuɗin mai, jiƙaƙƙiyar leda ce ba sa so, sai na shanya ta a bayan ɗaki tukuna, maƙwabcina har yanzu yana ƙorafin wari.