Labarin da na rubuta ba boka a ciki

Duk mai karanta littattafan Hausa ya san mutanen gidan tun kafin a yi masa sallama da su. Akwai jaruma fara doguwa, gashi har gadon baya, marainiya ko 'yar ruga da aka kawo birni. Akwai jarumi matashi mai kuɗi, miskili, soja ne ko likita, ya yi karatu a Landan, ba ya dariya sai a shafi na ɗari. Sai uwar miji mai baƙin hali, kishiya mai makirci, aminiya mai cin amana, da wata Hajiya dillaliya da ke shiga gida-gida da zuga a bakinta. Ko sunaye ma an raba: Amal da Ilham su ne na so, Lantana da Tabawa kuwa wanke-wanke. A can bayan gari, cikin kogon dutse, boka na zaune yana jiran kowa.

Ba yau aka fara ba. A tatsuniya muka gaje su: 'yar mowa da 'yar bora, Gizo mai wayo da matarsa Ƙoƙi, kura mai kwaɗayi wadda kullum ita ke kwana ciki. Alhaji Imam na Ruwan Bagaja, littafin da ya fito daga gasar da aka shirya a Zariya a 1933, jinin Gizo ne ke yawo a jikinsa, shi ya sa ake sonsa duk da tsiyar da yake shuka wa Malam Zurƙe. Da littattafan soyayya suka cika kasuwannin Kano daga tsakiyar shekarun 1980, sai bora da mowa suka bar bakin murhun kaka suka koma gidan Alhaji mai bene.

Ni ban ƙi waɗannan mutane ba. Mai karatu yana son ya shiga labari ya tarar da fuskar da ya sani. Wanda na sa wa ido shi ne boka, domin na lura duk inda ya shigo, tunanin marubuci ya tafi hutu. Me ya sa miji ya juya wa uwargidansa baya bayan shekara goma sha biyar? An yi masa asiri. Me ya sa uwa ta tsani matar ɗanta? An binne laya a ƙofar ɗaki. A ƙarshe malami ya zo ya yi addu'a, asiri ya karye, miji ya farka yana kuka yana cewa ba yin kansa ba ne, kowa ya yafe. An wanke namiji tas, laifin ya koma kan mace da aljanu.

Sai na ɗaura niyyar rubuta labarin gida mai mata uku, uwar miji da uwargida da amarya, in hana kaina boka daga farko har ƙarshe. Duk abin da wani ya aikata, dole in nemo dalilinsa a cikin gidan.

Uwar mijin ce ta fi ba ni aiki, kuma ita na fi jin daɗin rubutawa. Na sa mata suna Inna Hajara. Na zauna na tsara mata rayuwar da ba za ta fito a labarin ba sai kaɗan: an yi mata aure tana 'yar shekara goma sha huɗu, ita ce ta uku a gidan mijinta, da ya rasu ta riƙe 'ya'yanta da sayar da ƙosai da koko. Ɗan da ake rigima a kansa ɗan fari ne, don haka ba ta faɗar sunansa, ba ta sakin fuska da shi a gaban mutane. Wannan alkunya kaɗai ta ba ni rabin halinta. Mace ce da ta ƙare ƙarfinta a kan yaron da al'ada ta hana ta nuna masa so a fili, yanzu ga wata yarinya tana kiran sunansa gatsal a tsakar gida, har da dariya.

Ga yadda na nuna ƙiyayyarta, ranar suyar naman layya. Amarya ta soya, ta zuba wa Inna nata a kwano ta kai har ɗaki, ta durƙusa.

"Inna, ga shi."

Inna ba ta dube ta ba. Ta buɗe kwanon, ta sa yatsa tana juya tsokokin ɗaya bayan ɗaya, ta rufe.

"Hantar fa?"

"Ai shi ya ce a soya masa da safe, Inna."

"To, madalla. Tun yana goye ni ke cin hantar ragon gidan nan. Allah ya yi albarka, tashi ki je."

Ba zagi, ba ashar, har da sa albarka. Amma duk matar da ta zauna da suruka ta san an buɗe gaba a ranar, kuma ta san ba hanta ake magana ba.

Uwargida kuwa na hana ta zama waliyyiya. A littattafanmu mai haƙuri ba ta da aiki sai kuka da sallar dare, har mutum ya gaji da ita ya koma son muguwar, don ita ce mai motsi. Tawa uwargidan tana da haƙuri, amma tana da lissafi. Ta san ranar girkin amarya kuɗin cefane ya fi na ranarta da ɗari biyar, ba ta taɓa faɗa ba, sai dai ranar girkinta ta yi tuwo miyar kuka ba nama ta ajiye wa maigida ba tare da ta ce uffan ba. Na gano halin mutum a labarin gidan Bahaushe yana fitowa ne a rabon kwana, da kuɗin cefane, da wanda aka fara gaisarwa da safe, fiye da shafi uku na siffanta hanci da idanu.

Ina sakin labarin kashi-kashi a WhatsApp, kuma masu karatu ba su bar ni na huta ba. "Anti, yaushe asirin Inna zai tonu?" Wata ta rantse amarya ta wanke ta ba maigidan ya sha, ni ce dai ban kai wurin ba. Wasu sun daina bi da suka tabbatar ba kogon dutse a gaba. Waɗanda suka tsaya kuma suka rabu biyu, masu goyon bayan Inna da masu cewa Allah ya isa, suna ta musu kamar 'yan uwansu ake magana. Wata dattijuwa da jikarta ke karanta mata ta aiko a gaya mini cewa yarinyar nan ba ta kyauta ba, hanta ta uwa ce.

Inda cire bokan ya fi tona asiri shi ne wurin maigidan. Da na zo rubuta shi sai na ga ba kowa a cikin rigar, domin mun saba mijin labari ko azzalumi ne ko an asirce shi. Dole na ƙera masa hali daga tushe: ɗan kasuwar Kantin Kwari, mai kyauta, mai son a ce da shi mutumin kirki, matsoracin rigima. In uwarsa ta yi ƙorafi ya ce gaskiyarta, in amarya ta yi kuka ya ce gaskiyarta, in uwargida ta yi shiru ya ɗauka lafiya lau. Bai taɓa ɗaga wa kowa murya ba, kuma shi ya rushe gidan. Masu karatu maza biyu suka rubuto mini cewa na yi masa rashin adalci, ai mutumin bai yi komai ba. Na amsa musu cewa haka ne, bai yi komai ba, tun daga shafin farko har ranar da uwargida ta kira a-kori-kura ta kwashe kayan ɗakinta.