Bandejin da ba ya kama fata

Na daɗe ina aikin jinya kafin in fara ganin mutumin da magani ya saɓule wa fata, kuma abin da ban manta ba shi ne hannunsa. Wani ya manna masa filasta domin riƙe allurar ƙarin ruwa, kamar yadda ake yi wa kowa, da aka zo cirewa sai filastar ta taho da fatar da ke ƙarƙashinta, ta bar jan nama yana tsatsar ruwa. Tun daga ranar, kafin in ɗora wa irin wannan majinyaci komai, nakan fara tunanin yadda za a cire shi.

Ana kiran cutar Stevens-Johnson, da sunan likitocin yara biyu na Amurka da suka bayyana ta a 1922. A 1956 kuma Alan Lyell ya bayyana nau'inta mafi tsanani, wanda likitoci ke taƙaita sunansa TEN. Girman wurin da ya saɓule ne ke raba su: idan bai kai kashi 10 cikin 100 na fatar jiki ba, Stevens-Johnson ce, idan kuwa ya wuce kashi 30, TEN ce. Magungunan da aka fi kamawa da laifi sun haɗa da na farfaɗiya irin su carbamazepine da phenytoin da lamotrigine, da allopurinol, da nevirapine, da cotrimoxazole. Yawanci a makonnin farko na shan maganin ake fara zazzaɓi da ciwon maƙogwaro da jan ido, sannan bororo ya biyo baya. Abu na farko shi ne a dakatar da maganin nan take.

A ido, jikin yana kama da na wanda ruwan zafi ya ƙona, shi ya sa ake yawan kwantar da su a sashen masu ƙuna. Amma akwai bambanci, kuma a kansa duk aikin ya rataya. Tantanin sama na fata ne kawai ya mutu ya rabu, na ƙasa yana nan da ransa, kuma idan ba a dame shi ba zai tofo da sabuwar fata cikin mako biyu zuwa uku. Saboda haka aikin bandeji shi ne ya tsare wurin daga ƙwayoyin cuta, ya rage ruwa da ɗumin da jiki ke asara, ya sauƙaƙa raɗaɗi, sannan ya fita ba tare da ya ɗebe abin da ya tofo ba.

Mafi sauƙinsu shi ne ƙyallen raga da aka jiƙa da man farafin, a shimfiɗa shi a kan raunin, a ɗora wani mai tsotse ruwa a bisansa. Aibinsa shi ne idan ya kwana biyu man yakan bushe, zaren ya kama naman, sai an jiƙa shi da ruwan gishiri an yi ta lallaɓawa. Ragar silikon irin Mepitel ta fi shi a nan, domin ana iya barinta kwanaki a wurin, a riƙa sauya na saman kaɗai. Akwai kuma masu ɗauke da azurfa, irin Acticoat, waɗanda ke kashe ƙwayoyin cuta kuma ba sa buƙatar sauyi kullum. A ganina wannan ne babban amfaninsu, domin duk wanda ya taɓa tsayawa a lokacin sauya bandejin mutumin da rabin bayansa ba fata ya san cewa ko an ba da maganin kashe zafi mai ƙarfi, sa'a ce mai wuya. Man silver sulfadiazine kuwa, wanda aka saba shafa wa ƙuna, da yawa suna kauce masa a nan saboda yana da dangantaka da magungunan salfa irin su cotrimoxazole, waɗanda ke cikin masu jawo cutar.

Inda masana suka rabu shi ne batun matacciyar fatar. Wasu sukan kankare ta a ɗakin tiyata, su rufe wurin da wani murfin roba mai kama da fata da ake kira Biobrane, ko fatar da aka samo daga mamaci ko daga alade, abin da ya kamata a sanar da majinyaci ko danginsa tukuna. Wasu kuma sukan huda bororon, su zubar da ruwan, su mayar da fatar ta kwanta a wurinta ta zama murfi. Ni na fi karkata ga na biyun matuƙar wurin bai kamu da ƙwayoyin cuta ba, kodayake idan ya fara ruɓewa babu makawa sai an cire.

Sauran aikin ƙananan abubuwa ne. Ana ɗumama ɗakin zuwa digiri 25 zuwa 28, ana shafa farafin a leɓɓa da duk fatar da ta rage, ana naɗe bandeji da ƙyalle maimakon filasta, ana sa abu mai laushi ƙarƙashin abin awon jini. Likitan ido yana dubawa kullum, domin fatar ido na iya mannewa da ƙwayarsa, wani lokaci har sai an rufe idon da tantanin da ke lulluɓe jariri a ciki. Idan za a juya majinyacin kuwa, mukan taru mu huɗu mu ɗaga shi da zanen gado, domin jan hannu ɗaya ya isa ya buɗe sabon rauni.