Ƙujewa a jikin sabuwar 1911

Talata, Houston.

Aikin da ya ci rabin yinin yau wata fistol ce ƙirar 1911, mai cin harsashi .45 ACP, bututu inci 5, ƙarfenta rinanne baƙi. Mai ita wani Alhaji ne mazaunin nan Texas, ko harba ta bai yi ba. Ya ɗora akwatin a kan benci ya ce, "Malam, duba mini. Kuɗin sabuwa na biya, amma sai ka ce ta hannu aka ba ni." Ƙorafinsa shi ne farin tabo a saman silaid, wato sashen sama da ke ja da baya idan an harba, da ɗigo-ɗigon launin tagulla a ramin da kwanso ke fita, da wata ƙujewa a gefen hagu na gangar jiki, sama da kunama kaɗan.

Kafin komai an zare gidan harsashi, an ja silaid baya an kulle, an leƙa ɗakin harsashi da ido an kuma taɓa da yatsa. Harsashi ba ya zama a kan bencin aiki ko da sabuwa ce fil. Sannan hotuna: kowane gefe a hasken rana, da lambar bindigar, da rasit, tun ba a goge komai ba. Wannan ya fi duk abin da ya biyo baya muhimmanci, domin da zarar an sa wa tabo sinadari ko samfefa, kamfani yana da hujjar cewa mai ita ne ya ɓata. Kanti kuwa tuni ya fita daga maganar. A Amurka, idan mutum ya cike fom na 4473 na sayen bindiga, aka yi binciken NICS, wato binciken tarihin mai saye, aka miƙa masa bindigar, yawancin dillalai ba sa karɓar ta a matsayin sabuwa. Lokacin dubawa shi ne tana kan teburin dillali, kafin a sa hannu, kuma mutane kan yi gaggawa a daidai wannan gaɓar.

Biyu daga cikin aibobin sun tafi da tsumma. Farin tabon silaid man adana ƙarfe ne da ya bushe tun daga masana'anta. Ɗigon ruwan wanke bindiga Hoppe's No. 9 a kan tsumman auduga, minti biyar yana jiƙa, sai ga baƙin ya fito daidai da sauran. Launin tagullar kuma sawun kwanso ne daga harbin gwaji da ake yi kafin a rufe akwati, shi ma wannan ruwan ya ɗauke shi. Ba alamar an yi amfani da bindigar ba ce, kuma zai dawo ranar da Alhaji ya fara harbi. Abin kiyayewa kawai shi ne irin wannan ruwan wankin ba ya jituwa da bindigar da aka yi wa rufin nikel, yana iya shiga ƙarƙashi ya ɓamɓare shi.

Daga nan na duba wuraren da aibi ke wuce maganar kyan gani. Leɓen bakin bututu ne na farko: ana zagaya shi da tsinken auduga a hankali, idan zare ya maƙale akwai ƙaya ko lotsewa, kuma wannan yana karkatar da harsashi a lokacin da yake barin bututu. Nan lafiya lau. Gangaren da harsashi ke hawa ya shiga ɗakinsa sumul yake, idon saiti na gaba yana tsakiya, layin da silaid ke zamewa a kai babu tsaga. A cikin silaid akwai sawun haƙoran injin, zagaye-zagaye, wanda Alhaji bai ma lura da shi ba sai da aka kwance. Wannan a bar shi. Ba ya gogar komai, kuma gogewa da samfefa a wurin yana iya rage ƙarfe inda ake buƙatar awo ya tsaya cif.

Ƙujewar gefen hagu ce ta gaske. Tsawonta kamar milimita 12, a lanƙwashe, tana farawa daga ƙasa ta hau zuwa inda sakatar silaid ke shiga, wato ƙarfen da ke riƙe silaid a baya. Duk wanda ya saba da 1911 ya san ta. Tun ƙirar John Browning da sojan Amurka suka karɓa a 1911, sakatar tana da ɗan haƙori a bayanta wanda sai ya danne wani tsinke mai sifirin kafin ya faɗa raminsa. Wanda bai iya ba yakan ɗora haƙorin a ƙasa ya murzo shi sama yana dannawa, sai ya zana baka a jikin ƙarfen. Ke nan bayan rini aka yi ta, da hannun wani, ko wajen haɗawa ko a kanti. Alhaji ya ce shi bai taɓa kwance ta ba, na kuma yarda da shi, amma tabbatar da hakan a gaban kamfani abu ne mai wuya.

Na bi ta da farce. Farcen bai kama ba, wanda ke nuna rinin ne kawai ya tashi, ƙarfen bai rame ba. Rinin zafi da masana'anta ke yi ba fenti ba ne. Ana tsoma ƙarfe a tafasasshen ruwan soda mai ƙuna da gishirin naitiret a zafin kusan digiri 140 na Salsiyas, sai fatarsa ta koma baƙar tsatsa mai kamawa. Kaurinta bai wuce maikiron biyu ko uku ba, alhali silin gashi ɗaya ya kai wajen 70. Shi ya sa abu kaɗan ke ƙuje shi, shi ya sa kuma ruwan cire tsatsa, ko ruwan tsami, ko jini, ke wanke shi tas su bar farin ƙarfe.

Na shimfiɗa wa Alhaji hanyoyin. Ana iya neman kamfani ya turo takardar mayarwa, a jira makonni, kuma ba lallai su ɗauki ƙujewa a cikin garanti ba. Ana iya sake rina gangar jikin gaba ɗaya, amma sai an cire tsohon rini an goge, kuma dabaran gogewa yana cinye kaifin kusurwoyi ya dusar da rubutu. Ga kuma lambar bindiga: doka ta tanadi zurfinta kada ya gaza inci 0.003, kuma goge ta ko sauya ta laifi ne a dokar tarayya, don haka ba a kusantar wurin da abin karta. A ganina ɓata gangar jiki sabuwa saboda layin milimita 12 asara ce. Ya zaɓi a taɓa wurin da rinin sanyi, bayan na gaya masa a fili cewa a rana tsaka zai riƙa ganin wurin idan ya karkata ta.

An wanke wurin da asiton, ruwan da ke cire maiƙo, sau biyu, kowanne da sabuwar auduga, da safar hannu, domin maiƙon yatsa kaɗai ya isa ya hana rinin kamawa. An ɗumama ƙarfen da na'urar busar da gashi har ya yi ɗumin da hannu ke iya jurewa. Ruwan rinin sanyi Oxpho-Blue na zuba kaɗan a murfi, ba a tsoma tsinke a cikin kwalbar, don ƙarfen da ya taɓa yana kashe sauran. Da kan tsinken sakace aka bi layin shi kaɗai. Nan ne mutane ke ɓata aiki: su ɗebo da auduga su shafe faɗin wurin, sai sinadarin ya taɓa lafiyayyen rinin da ke kewaye ya bar da'ira mai launin toka wadda ta fi ƙujewar muni. Bayan minti ɗaya an goge da tsumma mai ruwa, an busar, an shafa a hankali da soson ƙarfe mai lamba 0000 wanda aka riga aka wanke masa mansa da asiton. Shafi na farko ya ba da toka-toka, na uku ya kusa baƙi, a na huɗu aka tsaya don ƙari ba ya ƙara duhu, sai dai ya fara dabbare-dabbare. An sa mai, za ta kwana haka har awa 24 kafin a share shi. Ruwan yana ɗauke da sinadarin siliniyam, guba ne, sai a buɗe taga. Kuma a kan baƙin ƙarfe kawai yake aiki. Ba ya kama ƙarfe mara tsatsa ko alminiyam, ba kuma ya gyara rufin Cerakote, wani fenti mai ƙarfi da ake fesa wa bindiga.

Abin da ya fi damuna kuwa, Alhaji bai kawo shi a ƙorafi ba. Da aka cire katakon ƙota, sai ga ɗigon jar tsatsa a ƙarƙashin na dama, inda katako ke riƙe laima. Mai da soson 0000, da hannu mara nauyi, suka ɗauke ta ba tare da rinin ya tashi ba, don ba ta kai ga huda ƙarfen ba. Wajen kwance sukurorin sai da sukudireba mai baki daidai da tsagar, in ba haka ba ya zame ya bar sabon tabo. Ɗaya ya so ya taho da mazauninsa, wanda zarensa siriri ne ƙwarai kuma da ya lalace aikin ya girma, sai aka riƙe mazaunin aka kwance a hankali, aka mayar da shi da ɗigon Loctite shuɗi, gam mai riƙe sukuro.

Wajen mayar da sakatar na sa Alhaji ya yi da hannunsa. An liƙa tef a gangar jikin ƙasa da ramin, an daidaita ƙaramar tsagar silaid da wurin, an danne tsinken da bakin siririn kati na roba, sannan aka tura sakatar kai tsaye ciki ba tare da murzawa ba. Da ya maimaita, sai ta shiga ba gardama. Akwatin da ta zo a ciki mai soso ne, kuma soso yana shan laimar Houston ya riƙe ta a jikin ƙarfe, don haka na ce ya ajiye ta a sef da ƙunshin silika mai shanye laima, ya riƙa goge ta da tsumma mai mai duk lokacin da hannu ya taɓa. Gobe da azahar zai zo ɗauka, bayan an share man an duba launin a waje.